Tambayi Likita: Dokar Hana Zubar da Ciki a Amurka da Jariran da Ake Haifa da Tawaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ungozoma ce a Zariya. Na ji a rediyo wai tun da wasu jihohin Amurka suka hana zubar da ciki, mutuwar jarirai ta ƙaru a asibitocinsu. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya dokar da aka yi don raya yara za ta ƙara mace-mace?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. Labarin gaskiya ne, bakin zaren kuwa yana cikin lissafin makonnin ciki.

Jihar Tekzas ta fara aiki da tata dokar ran 1 ga Satumba 2021, ta hana zubar da ciki tun wajen mako 6. Ran 24 ga Yuni 2022 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki a duk ƙasar, ta bar wa kowace jiha wuƙa da nama. To amma, kamar yadda kika sani, yawancin manyan tawayoyi sai a sikanin mako 18 zuwa 22 suke bayyana. Cikin da a da ake raba uwa da shi saboda an tabbatar ɗan ba mai rayuwa ba ne, yanzu sai ya kai haihuwa. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun ƙirga cewa jariran da suka rasu a Tekzas sun tashi daga 1,985 a 2021 zuwa 2,240 a 2022, ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari, alhali na sauran jihohi bai kai kashi 2 ba. Waɗanda tawaya ta kashe sun ƙaru da wajen kashi 23.

Nauyin duk ya faɗo kan ɗakin kula da jarirai, kuma yaran iri biyu ne.

Akwai waɗanda tiyata ke ceto, idan an shirya. Jaririn da ɓangaren hagu na zuciyarsa bai ginu ba, dole a sa masa maganin furostagalandin ta jijiya da wuri, don kada wata 'yar hanyar jini ta rufe. Idan ta rufe, sai jikinsa ya yi sanyi, ya rasu cikin 'yan kwanaki. Tiyata uku ke jiransa: a makonni biyun farko, a wata 4 zuwa 6, sannan wajen shekara 2 zuwa 4. Wanda aka haifa da ɓuli a ƙashin baya, a kwantar da shi rubda-ciki, a rufe wurin da bandeji mai tsabta jiƙe da ruwan gishirin asibiti, a ɗinke cikin kwana uku kafin ƙwayoyin cuta su kai ga ƙwaƙwalwa. Wanda hanjinsa ke waje, a naɗe hanjin da leda mai tsabta, a zura bututu ta hanci zuwa ciki, a ɗaura ruwa, domin sanyi da bushewa ne ke fara kashe shi. Babban abin da ke ɓata aiki shi ne haihuwa a ƙaramin asibitin da babu likitan tiyatar yara, a ƙare a motar asibiti ana neman gado.

Sai kuma waɗanda babu tiyatar da za ta tsare su: wanda kwanyarsa ba ta rufe ba, ko wanda aka halitta ba ƙoda ko ɗaya, huhunsa bai girma ba saboda rashin ruwan mahaifa. Awoyi ko kwanaki ne rabonsu. A ganina, ɗora irin wannan jariri a na'urar numfashi wahala ce kawai. Abin da ya kamace shi ɗumi ne, maganin rage zafi, da ƙirjin uwarsa, iyaye su yi masa huɗuba, su yi ban kwana. Amma sai an zauna da su tun kafin naƙuda an rubuta wannan shiri, musamman inda ma'aikata ke tsoron doka.

A arewacin Najeriya ma, doka ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, saboda haka waɗannan yaran hannunki suke biyowa. Tura kowace mai ciki sikanin wata biyar. Folik asid, maikirogiram 400 kullum tun kafin ɗaukar ciki har cikin ya kai wata uku, yana rage tawayar kai da ta baya. Wadda ta taɓa haihuwar irinsu, miligiram 5 ake ba ta, bisa umarnin likita.