Mota ta cire mini haƙora, karatuna ya lalace: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ni malamin Islamiyya ne a Kano. Motar haya ta buge ni, haƙorana na gaba biyu na sama suka fita. Yanzu in na zo ث ko ذ iska ce kawai ke fita, har an karɓe ajin tajwidi daga hannuna. Mai motar ya ce zai biya kuɗin haƙoran roba mu rufe magana. In karɓa?

Amsa: Malam, sannu, Allah Ya ba da lafiya. Kada ka sa hannu a takardar sulhu tukuna. Abin da ka rasa ya wuce haƙori biyu. Haruffan nan daga tsinin harshe da gefen haƙoran sama suke fita, har "s", "z" da "ts" na Hausa sukan koma kamar fito idan gaban baki ya buɗe. Kai kuwa da bakin kake neman abinci.

Idan ku duka Musulmi ne, kana iya neman diyya a kotun Musulunci. Kowane haƙori raƙuma 5 ne, cikakkiyar diyya kuwa raƙuma 100. Ko kuma ka je Babbar Kotun Jiha da ƙarar sakaci a kan direban da mai motar tare, nan nake ganin asarar aikinka za ta fi fitowa. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota saboda irin raunin nan aka yi ta, a nemi takardarta.

Sai dai alƙali ba ya ƙiyasta kuɗin da ka kashe ko albashin da ka rasa, sai ka lissafa su ka kawo shaida. Tara rasit, rahoton 'yan sanda, da wasiƙar makaranta mai nuna ranar da aka karɓe ajin da dalili. Likitan haƙori, misali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya rubuta ko furucinka zai dawo da haƙoran roba ko sai an yi dashe, da abin da zai ci, domin na roba ana sauya su bayan wasu shekaru. Ka binciko muryar karatunka da wani ɗalibi ya naɗa a waya kafin hatsarin, ka naɗi ta yanzu a sura ɗaya. Mutane kan raina wannan, alhali kunnen alƙali shi zai ji bambancin.

Shigar da ƙara yana da wa'adi, don haka ka ga lauya cikin makon nan, ko da sulhun za ku yi.