Idan kamfani zai daina kawo na'urar asibiti, wa zai sanar?

Tambaya: Malam, idan kamfanin da ke ƙera na'urorin asibiti, irin su na'urar taimaka wa numfashi, ya hango kayansa za su yanke, akwai abin da doka ta ɗora masa?

Amsa: Akwai, amma ya danganta da ƙasa. A Tarayyar Turai, tun daga 10 ga Janairun 2025, tilas ne kamfani ya sanar da hukumar da ke sa ido a ƙasarsa, da dillalai da asibitocin da yake kai wa kaya kai tsaye, aƙalla wata shida kafin yankewar, matuƙar ana iya hasashen cewa rashin na'urar zai yi wa marasa lafiya mummunar illa. Idan abin ya zo ba zato, sai ya sanar ba tare da ɓata lokaci ba.

A Amurka kuwa, dokar CARES ta 2020 ta wajabta sanar da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna da na'urorin asibiti ta ƙasar, sai dai wajabcin ya taƙaita ga lokacin da aka ayyana yanayin gaggawa na lafiyar jama'a, kamar annoba, ko gab da shi. A ganina wannan giɓi ne, domin gobara a masana'anta ko ƙarancin kayan haɗi ba sa jiran annoba.