Tuwon bai canja suna ba, kwatancen ne ya tsufa

Wani matashi ya rubuto daga wani ƙauye kusa da Ringim. Shi da abokansa suna rubuta manhaja, ma'ajiyar aikinsu ta Git, wato manhajar da ke adana aiki da tarihin sauye-sauyensa, tana kan kwamfutar shagonsu. Sun sa sabuwar na'urar intanet, tun ranar tura aiki ya ƙi. Abokinsa ya ce ai "an canja wa tuwo suna" ne kawai. Matashin yana tambaya ko karin maganar ta dace, kuma wurin adana aikin ma'ajiya za su ce masa ko rumbu.

To ɗana, abokinka bai dace ba. Ana cewa an canja wa tuwo suna ne idan abu yana nan yadda yake, sai aka laƙaba masa sabon suna. Ku kuwa sunan bai motsa ba. Laƙabin da Git kan bai wa ma'ajiyar da aka kwafo aiki daga gare ta, wato origin, yana nan. Abin da ya sauya lambar kwamfutar shagon ce, domin sabuwar na'urar ta raba wa kowa sabuwar lamba, irin mai farawa da 192.168, kwamfutarka kuma tana ta sallama a tsohon gida. Kalmar da nake so ku riƙe ita ce kwatance, wato adireshin inda ma'ajiyar take. Maganar da ta fi kusa kuwa, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Gyaran layi ɗaya ne. Ka buga git remote -v ka ga tsohon adireshin, sannan git remote set-url origin, ka bi shi da sabon. Kada ka goge komai. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, kowane kwafi na ɗauke da tarihin aikin a cikinsa.

Batun rumbu ya fi jan hankalina. Rumbu na da daɗin ji, kowa a Jigawa ya san shi a tsakar gida da hularsa ta ciyawa. Amma hatsin da aka ɗiba daga rumbu ya tafi ke nan, a Git kuwa kana ɗiba ba ya raguwa. Ma'ajiya daga "ajiye" take, ginin kalmar irin na su makaranta da majema, ba ta ce komai ba sai wurin ajiya. Ita na zaɓa.

Ka sa a kafe wa kwamfutar shagon lamba ɗaya a cikin na'urar, don kada ku sake wannan aiki duk sanda aka ɗauke wuta aka kawo.