Ɗauke jarumi daga Dungeons & Dragons zuwa Pathfinder

Ƙanina, ka ce teburinku na Zariya zai bar Dungeons & Dragons bugu na 5 ya koma Pathfinder bugu na 2, wasannin labari da ake yi a teburi da takarda da 'ya'yan ludo, kuma 'yan wasan ba sa son rabuwa da jaruman da suka raina har mataki na 5. Ka kuma tambayi yadda mu nan Ingila muke yi. An sha yin wannan ƙaura a nan a farkon 2023, lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya so sauya lasisin wasansa, mutane da yawa suka fusata suka koma wajen Paizo mai Pathfinder. Abin da aka tsaya a kai shi ne, ba a kwafar lamba ko ɗaya daga tsohuwar takarda. Ba canjin kuɗi ba ne da za ka je Wapa a faɗa maka farashi. Sunan jarumin da halinsa da tarihinsa ake ɗauka, a sake gina shi daga tushe da dokokin sabon littafi.

Ga dalili a lissafe. Ɗauki mayaƙi ɗan Adam a mataki na 5. A Dungeons & Dragons, idan ƙarfinsa 18 ne yana da +4, a haɗa da +3 na ƙwarewa, saransa ya zama +7. A Pathfinder ana zuba matakin jarumi gaba ɗaya cikin ƙwarewa: 5 na mataki, 6 saboda a wannan matakin mayaƙi ya zama gwani a rukunin makaminsa, 4 na ƙarfi, 1 na hatimin da ke jikin takobi (alamar tsafi da ke ƙara wa makami ƙarfi), jimla +16. Kariyar dodon da ya dace da wannan mataki tana wajen 21 ko 22. Wanda ya zo da +7 ɗinsa sai ya jefa 15 ko sama da haka a ɗan ludo mai fuska 20 kafin ya taɓa dodo mai kariya 22, wato sau 3 cikin 10. Wanda aka gina daidai kuwa 6 ta ishe shi. Makin rai ma haka yake: mai juriya +2 yana da 44 a tsohon wasa, a sabon kuwa 8 na asalinsa na ɗan Adam da 12 sau 5, ya tashi 68. Kuma a Pathfinder duk saran da ya zarce kariya da 10 ninki biyu yake yi wa mutum illa, saboda haka mai ƙananan lambobi ba ya kai zagaye na uku a tsaye.

Kafin a buɗe littafi, a nan mai jan labari kan ba kowa takarda ya rubuta abu uku da aka san jaruminsa da su a teburi. Misali: yana tsayawa gaba da garkuwa, ya iya tsorata mutane da magana, yana bin sawun wanda ya kashe yayansa. Duk zaɓin da za a yi daga baya da waɗannan ukun ake auna shi. Abin da ba ya cikinsu, in ya ɓata a hanya ba a yi asara ba.

Daga nan sai a fara daga mataki na 1, ko da jarumin na 5 ne. A jera halayensa shida masu lamba, irin su ƙarfi da juriya, daga babba zuwa ƙarami yadda suke a da, jerin kawai ake riƙewa. Ƙari yana zuwa daga wuri huɗu: asali (kamar ɗan Adam), sana'ar baya, aji (kamar mayaƙi), da huɗu na zaɓin kai. Idan kowane ɗaya ya ba ƙarfi kaso, a nan ake samun +4. Wanda ya tsaya a +3 don wai ya yi daidai da tsohuwar takarda ya cuci kansa, domin maki ɗaya a wannan wasa yana da nauyi. Sai a hau mataki-mataki ana zaɓar fasahohi, wato dabarun da jarumi ke samu, misali ga mayaƙi: fasahar aji a 1 da 2 da 4, ta asali a 1 da 5, ta sana'a a 2 da 4, ta gama-gari a 3, da ƙarin halaye huɗu a 5. Dokokin duk suna kyauta a Archives of Nethys, manhajar Pathbuilder kuma tana yin lissafin a waya.

Kaya ne inda aka fi yin rigima. Jarumin Dungeons & Dragons kan tara zinariya dubbai ba abin saye, a Pathfinder kuwa sabon jarumi da zinariya 15 yake farawa, kuma kuɗi ƙarfi ne kai tsaye. A ajiye tsohuwar jakar, a ba kowa 270 da littafi ya yanka wa mataki na 5. Mayaƙi ya fara sayen hatimin +1 a kan 35, da hatimin da ke ninka 'ya'yan ludon illar makami a kan 65, don an gina dodannin ne bisa zaton yana da su. Takobin gado ya riƙe sunansa, a ɗora hatiman a kansa.

Wasu ajujuwan ba su da takwara. Paladin, mayaƙi mai ibada na tsohon wasa, kan ƙona tsafinsa ya ƙara wa sara zafi, amma Champion na Pathfinder da ya fi kama da shi mai kare abokan tafiya ne, ba shi da wannan. In ɗan wasa saran yake so, gara a gina masa mayaƙi a ɗora masa ibada a labari. Warlock, mai tsafin da ya ƙulla yarjejeniya da wani mai iko, babu shi sam a Pathfinder, Witch ce ta fi kusa. Mai aji biyu ya zaɓi ɗaya babba, na biyun ya shigo ta fasahar mataki na 2. Masu tsafi kuma a faɗa musu gaskiya tun wuri, za su ji an rage su: ƙwallon wuta da ke cin 'ya'yan ludo 8 masu fuska shida ya koma 6. Teburin da iyaye ba sa son a ambaci tsafi, a nan akwai masu mayar da shi haɗa magunguna da ajin Alchemist, dokar ba ta hana ba.

Mayaƙi zai nemi saransa biyu cikakku da yake samu a mataki na 5 a tsohon wasa ya rasa. Kowa a Pathfinder aiki uku yake da shi a zagaye, sara na biyu ana cire masa 5, na uku 10, wato +16 da +11 da +6. Na ukun yawanci ɓarna ne, ɗaga garkuwa don +2 a kariya ya fi shi.

In an gama, ku yi faɗan gwaji guda wanda ba ya cikin labari, da dodanni biyu 'yan mataki na 3. Al'adar nan ita ce zama biyu ko uku na farko kowa yana da damar sauya fasahar da ba ta yi masa ba kyauta, bayan nan a rufe takarda.