Ga ɗana, kan kiran mutum "Bayahude"

Ɗana, saƙonka ya iso. Da farko dariya na yi, daga baya jikina ya yi sanyi. Wai ko al'adarmu ce a kira marowaci ko ɗan kasuwa mai wayo "Bayahude"? A unguwarku wa ya taɓa haɗa ido da Bayahude ko ɗaya?

Kakanka yakan ce in ka ji ana zagin mai bin bashi, fara tambayar wa ake bi. A Turai a zamanin da, Coci ta haramta wa Kirista ba da bashi da ruwa. Su kuma Yahudawa a wurare da yawa an hana su mallakar gona, an hana su shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Ƙofar bashin aka bar musu, sarki na tatsar su haraji, talaka na tsine musu. Ga kuma huɗubar da ake ta yi cewa su suka kashe Almasihu. A 1215 babban taron Coci a Roma ya ce sai sun sa tufar da za ta bambanta su.

Dubi abin da ya faru a Strasbourg, wani birni da ke Faransa a yau. Annoba na cin Turai, aka baza cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. Tun 1348 Paparoma Clement na shida ya rubuta cewa ƙarya ce, tunda su ma annobar na kashe su. Magabatan birnin suka ƙi miƙa su, sai mahauta da sauran masu sana'a suka tsige su, suka naɗa nasu. Ranar Asabar 14 ga Fabrairu 1349 aka kora ɗaruruwan Yahudawa maƙabartarsu aka cinna musu wuta. Annobar fa ba ta ma shigo garin ba tukuna. Aka yafe wa kai duk bashin da suke bi, aka raba kuɗinsu. Ka ga rijiyar da ake nufi.

Mu ma iskar ta taɓa mu. Kafin Shehu Magili ya zo Kano zamanin Rumfa, shi ya sa aka rushe majami'ar Yahudawan Tuwat, a Aljeriya ta yau, duk da alƙalin yankin bai yarda da fatawarsa ba.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta yi. A 1903 aka buga takardun jabu a Rasha, wai shirin Yahudawa na mallake duniya. Jaridar Times ta Landan ta tona asirin a 1921, duk da haka mutanen Hitila suka ci gaba da yaɗa su, har aka hallaka Yahudawa miliyan 6. Takardun nan ne dai kuke turo mini a WhatsApp da sabuwar riga, ba wanda ke tambayar mafari. Mai jin haushin gwamnatin Isra'ila ya kira ta da sunanta, ita ke da sojoji.

Batun ko al'ada ce, sai ka zo hutun Sallah. Ka gaida mahaifiyarka.