Komai na tafiyar Hajiya yana cikin waya, ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Mahaifiyata za ta tafi Umra karo na farko. Na saka mata biza da tikitin jirgi da adireshin masauki a waya, na koya mata WhatsApp. Yayana ya dage sai an buga takardu. Ni kuwa ina ganin zamani ya wuce nan. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan hidimar uwa, ya kai Hajiya lafiya. Amma yayanka ya fi ka gaskiya.

Na daɗe ina raka maniyyata, kuma ban taɓa hana kowa waya ba. Ziyarar Rauda a Madina ma sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk. Abin da ke damuna shi ne ka zuba wa tsohuwa duk ƙwanta a kwando ɗaya, kwandon kuma batir ke riƙe da shi.

Wata shekara bayan sallar isha'i na tarar da wani dattijo ɗan ƙasarmu zaune a bakin Ƙofar Sarki Fahad ta Haramin Makka, takalmansa a hammata, waya a hannu baƙa ƙirin. Tun la'asar cajin ya ƙare. Na ce, "Baba, ina masaukinku?" Ya miƙo mini wayar ya ce, "Yana ciki, yaro ya saka." Bai san sunan otel ba, bai haddace lambar kowa ba, gine-ginen kuma duk iri ɗaya suke a idonsa. Sai da muka roƙi wani mai shago ya sa mana caji, sannan muka gano inda ya sauka. Mutumin nan yana da kuɗi da lafiya, amma ranar ya zubar da hawaye.

Waya takan ci amana ta hanyoyin da ba a zato. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Ingila, cajarmu ta Nijar kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu ce, sai da adafta. Zafin Makka da rani yakan haura digiri 40, waya ta yi zafi ta kashe kanta. Wanda ya fi cizo shi ne lambar tabbatarwa: in WhatsApp ya fita, ko aka canza waya, saƙon lambar zai tafi layinta na +227, in ba a buɗe masa aiki a waje ba kuwa ba zai iso ba. Sannan cunkoson ɗawafi wuri ne da abu ke faɗuwa ba a ko ji.

Saboda haka ka buga biza da tikiti da shafin farko na fasfo, kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati. Takardar rigakafin shawara da ta sanƙarau ta asali ake so, ta zauna tare da fasfo. Da sun sauka ta karɓi katin otel mai rubutun Larabci ta sa a ƴar jakar wuya, da lambar jagoransu da taka, a rubuce da biro manya-manya. Ta riƙe riyal kaɗan a jiki na tasi da ruwa. Batirin ajiya kuma a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a cikin akwatin da za a auna ba.

Akwai abin da takarda ma ba ta yi. Ƙofofin Harami suna da lamba: ta Sarki Abdul'aziz 1 ce, ta Sarki Fahad 79. A ranar farko a bi da ita daga masauki zuwa masallaci da ƙafa, ta ɗaga kai ta ga ƙofar da ta shiga, ta faɗi lambar da bakinta. Matar da ta san lungunan Birni da hanyar Kasuwar Dole ba tare da taswira ba, za ta riƙe wannan in an nuna mata. Kuma Hausawa sun cika Makka, ta saki baki ta yi tambaya.

Kafin ku kama hanyar Yamai, ka gwada ta. Kashe wayar, ka ce, "Inna, ina kika sauka, wa za ki kira?" Duk abin da ta kasa amsawa, shi za ka fara rubutawa.