Tambaya da Amsa: Tun da na cire wa hoton kakata kala, mai kala ya daina burge ni

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, kuma da wayar hannu nake yi. Kwanan baya na ɗauki kakata tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Da dare ina latse-latse sai yatsana ya taɓa wurin da ke mai da hoto baƙi da fari. Malam, na fi rabin awa ina kallonsa. Tun daga ranar hoto mai kala ya fita daga raina. Abokaina suna cewa wai hoton mamata nake yi, wani ma ya tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Shin haka masu wannan harka suke farawa, ko ɗoki ne da zai wuce? In kuma da gaske ne, ta ina zan kama?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa kaka lafiya da nisan kwana.

Haka ake farawa. Cikin waɗanda na sani suka kamu da son wannan hoto, da wuya ka samu wanda ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya shiga. Hoto guda ne ke kama mutum. Wani irin naka ne, kuskuren yatsa. Wani kuwa ya buɗe tsohuwar adakar mahaifinsa ne ya ci karo da hoton da aka ɗauka tun kafin a haife shi, ya ga fuskar ta fi duk hotunan da ke cikin wayarsa rai.

Bari in gaya maka abin da ya faru a hoton kakarka, ko da ban gan shi ba. Ina kyautata zaton akwai zane mai ruwan atamfa a jikinta, akwai bokitin roba shuɗi ko ja a gefe, wataƙila da ƴar leda a ƙasa. Ido kuwa makwaɗaicin launi ne, inda ya fi ƙyalli nan yake fara sauka. Muddin kalar tana nan, bokitin yana gasa da fuskar tsohuwa, kuma sau da yawa shi ke cin nasara. Da ka cire ta, sai ido ya rasa abin da zai ɗauke masa hankali, ya koma bin haske: goshinta, jijiyoyin bayan hannunta, farin waken da ke kan faifai, da duhun ɗakin da ke bayanta. Ga shi kuma a bakin ƙofa take zaune, wato hasken ta gefe ɗaya yake zuwa mata, ya haska rabin fuska ya bar rabi a inuwa. Wannan hasken ne ya yi maka hoton. Dama yana ciki tun lokacin da ka latsa, kala ce ta rufe shi.

Ni nawa kamun a shagon kawuna ya same ni, ina ɗan shekara goma sha. Yana da wani ɗan ɗaki a baya wanda ya toshe tagarsa da baƙin yadi, babu haske sai jar fitila, domin takardar hoto ba ta jin jan haske. Ranar da ya fara barina in shiga, ya haska dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, a kan farar takarda na ƴan daƙiƙoƙi, ya ɗauke ta ba komai a jikinta, ya tsoma ta a cikin tiren ruwan magani ya ce in riƙa girgiza tiren a hankali. Sai ga idanu biyu sun fara tasowa, sai rawani, sai gemu, kamar mai fitowa daga cikin hazo. Daga baya na fahimci gishirin azurfa ne da ke jikin takardar yake yin baƙi a duk inda haske ya taɓa. Sanin hakan bai rage mini komai ba. Har yau in na tuna warin ɗakin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Abokanka ba su yi maganar banza ba, ka yi musu uzuri. A gidajenmu, hoton da ba shi da kala yawanci na wanda ya riga mu gidan gaskiya ne, shi ya sa suka haɗa shi da mutuwa. Hoto da baƙi da fari ya fara, tun wanda Bafaranshen nan Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa wajen 1826. Fim mai kala na Kodachrome ya fito a 1935, amma an daɗe kafin kala ta yi arahar da za ta shigo shagunan masu hoto na ƙasashenmu. A wannan tsakanin ne aka yi ayyukan da duniya ke ji da su yanzu. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya yi ta bin samari da ƴanmata wuraren rawa da kamera, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a bajekolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya. A Yamai muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar dare ta birnin a shekarun 1960 da 1970. A Najeriya kuma Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto dubu. Za ka iya cewa su ba su da zaɓi sosai. To amma Sebastião Salgado, ɗan Burazil da ya zaga Sahel lokacin farin 1984 da 1985, yana da kala a hannu ya ajiye ta. Kamfanin Leica ma a 2012 ya fitar da kamera mai tsadar gaske wadda ba ta ɗaukar kala ko kaɗan, kuma aka yi ta saye.

Ka nemi hotunan Keïta ka duba, domin da kai suke magana. Yakan shimfiɗa yadi mai zane a bango, ya zaunar da mace sanye da wani yadin mai zane daban, zane a kan zane, amma ba su yi faɗa ba, tun da babu launin da zai haɗa su rigima.

Kai kanka kana da jari a hannu wanda ba ka sani ba. Ka tuna farar shadda da aka yi wa aiki da farin zare, aska takwas a ƙirjin babbar riga. Da me kake ganin aikin, alhali fari ne a kan fari? Da inuwar zaren. Shi ya sa in za ka nuna wa mai kaya ba ka shimfiɗa rigar a tsakiyar rana, sai ka karkata ta wajen ƙofa, haske ya bi ta gefe, nan take aikin ya tashi. Idon da ake buƙata a hoto baƙi da fari ke nan, ba wani ba. Wasu sai sun shekara suna neman sa, kai kuma kullum da shi kake cin abinci.

Batun ko ɗoki ne, ga yadda za ka gane. Ka saita wayarka ta riƙa nuna maka baƙi da fari tun a lokacin ɗauka, ka yi wata guda a haka. Mai ɗoki ba ya kai mako biyu, ko kuma ka ga ya mai da abin mafaka, duk hoton da ya lalace sai ya cire masa kala ya ce fasaha ce. Wanda abin ya shiga jininsa kuwa, wata safiya zai tsinci kansa a kan kabu-kabu yana kallon inuwar zanko a jikin katanga, yana jin haushin bai tsaya ba. Ka ga ya fara ganin haske tun kafin ya ga launi, kuma babu kamera a hannunsa.

Akwai abin da zai ba ka mamaki da wuri, gara ka ji shi daga bakina. Launuka biyu da ido ke rabewa sarai suna iya zama toka iri ɗaya. Na koyi wannan a wani hawan salla a ƙofar fada. Na samu wuri mai kyau, na ɗauki dogarai cikin rigunansu ja da kore, ina murna. Da na wanke fim ɗin sai na tarar jan da koren sun narke sun zama abu guda, rigar ta koma kamar buhu. Na yi kwana biyu ina jin ciwon abin. Dalili shi ne baƙi da fari ba ya tambayar sunan launi, yawan haskensa kawai yake aunawa. A lissafin da na'urori suka saba yi, kore ne ke ɗaukar kusan kashi 59 cikin ɗari na hasken, ja kashi 30, shuɗi kashi 11, don haka kore mai duhu da ja mai haske sai su haɗu a wuri ɗaya. Da, maganin shi ne gilashi mai launi da ake ɗaurawa a bakin kamera: ja yana haskaka abin da yake ja, ya baƙanta kore da shuɗi. Yanzu wannan gilashin yana cikin manhaja. A Snapseed za ka same shi a sashen baƙi da fari, a Lightroom kuma kowane launi da nasa maɓallin da za ka ja sama ko ƙasa. Saboda haka kada ka yar da asalin hoton mai kala, in wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da wayar ba ta sarrafa ba, ma ya fi, domin daga cikin kalar ne ake rarraba tokar.

Sai babbar matsalarmu ta nan: baƙin mutum cikin farar riga, a ranar Damagaram. Kamera ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Kullum ƙoƙarinta ta mai da abin da ke gabanta toka ta tsakiya, wadda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. In farar riga ta cika mata ido sai ta rage haske, fuska ta nutse. In ta auna fuska sai ta ƙara, rigar ta ƙone ta zama fari fat babu ko layin ɗinki. Hoton waya na yau da kullum matakin toka 256 gare shi daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kuma abin da ya ƙone ya tafi ke nan, alhali wurin da ya yi duhu ana iya ceto wani abu daga ciki. To ka taɓa fuskar a allon waya, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan har aikin rigar ya bayyana. Mafi sauƙi kuma, ka roƙi mutumin ya matsa bakin zaure, ƙafa ɗaya cikin inuwa. Ba'amurken mai ɗaukar hoton nan Ansel Adams ya raba tokar gida goma sha ɗaya don ya san inda zai ajiye kowane abu tun kafin ya latsa. Ba sai ka haddace nasa ba. Ka dai tambayi kanka kafin ka ɗauka: ina wurin da ya fi duhu, ina wanda ya fi haske, fuskar kuma a ina ta faɗa tsakaninsu?

Garin da kake ciki kuwa, kamar don wannan hoto aka gina shi. Ka shiga lungunan Birni da hantsi bai ɗaga ba, ko bayan la'asar, lokacin da rana ke shafar bango ta gefe. Zanen da magina suka tayar a fuskar tsofaffin gidaje, har da na unguwarku, da tsakar rana kwance yake kamar babu shi, amma da yamma kowane layi sai ya yi inuwarsa. Duwatsun nan manya da suka kewaye Birni haka suke. Ka je majema ka ga fatu a shanye da hannayen masu jima, ka je Kasuwar Dole ranar Alhamis ka tsaya inda haske ke ratsowa ta tsakanin rumfuna. Hazon hunturu, wanda masu kala ke kuka da shi don yana kashe launi, a gare ka alheri ne: yana tausasa haske, abin da ke kusa ya yi baƙi, na nesa ya riƙa dusashewa mataki-mataki. Da damina kuma ka ɗaga kai, hadarin gabas da jan gilashi abin kallo ne. Ka dai riƙa goge idon kamerar da ƙyalle mai laushi, ƙura na cinye kaifin hoto.

Ban yarda a ce baƙi da fari ya fi kala daraja ba. Lalle a hannun amarya, tulin tattasai a kasuwa, dawakan salla da kayan adonsu, waɗannan launinsu ne labarinsu, cire shi zalunci ne. Kuma duk inda ka shiga ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, musamman ga mata da dattawa. Wanda ya ƙi ka bar shi. Wuraren jami'an tsaro ma ka yi nesa da su.

Hoton kaka kuwa kada ka bar shi a waya, waya ɓata take yi. Ka kai a wanke maka shi. Injinan shaguna na kala ne, sau da yawa sukan fitar da baƙi da fari da ɗan kore-kore ko shuɗi-shuɗi, saboda haka ka sa a fara fitar da ƙarami ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, in tokar ta fita tsaf sannan a yi babban. Takarda marar ƙyalli ta fi dacewa da fuskar tsofaffi. Ka rubuta sunanta da kwanan wata a baya da fensir, ba biro ba, don tawada tana ratsa takarda. Kwafi biyu za ka yi, ɗaya naka, ɗaya ka kai mata har bakin ƙofar da ka ɗauke ta.